Ra'ayi: Wanda ya jure matsala bai shawo kanta ba

A makon jiya ɗan ƙanwata, wanda ke shekararsa ta ƙarshe a jami'a a Yamai, ya turo mini saƙon murya ta WhatsApp. Yana cike takardun neman tallafin karatu a wata ƙasa mai amfani da Ingilishi, kuma an nemi ya rubuta shafi guda a kan wani cikas da ya taɓa cin karo da shi a rayuwa. Kalmar da tambayar ta rataya a kanta ita ce overcome.

"Kawu," in ji shi, "na duba ƙamus a waya, an jero mini kalmomi sun fi goma, wai duk ma'anarsu ɗaya. Wacce zan ɗauka?"

Na ce ya fara gaya mini labarin da yake son bayarwa. Ya ce labarin ɗaukewar wuta ne: shekara uku yana bitar darasi da fitilar waya, cikin zafin watan Afrilu, sauro na cizo. Na tambaye shi ko yanzu wutar ta daina ɗaukewa a unguwarsu. Ya yi dariya ya ce ko a lokacin da muke maganar ma babu ita. Na ce to ɗana, ba ka yi overcome ɗin komai ba a nan, jurewa ka yi, kuma jurewa tana da tata kalmar.

Tun daga ranar maganar ta tsaya mini a rai, domin kuskuren ba nasa ba ne shi kaɗai. Da yawa daga cikinmu, da Hausa da Faransanci da Ingilishi, mun saba kiran haƙuri da sunan nasara. Wannan sabon yana da tsada, kuma talaka ne ke biyan kuɗin.

Ingilishi ya daina zama darasin da ake yi don maki kawai a kwaleji. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ga kuma ƴan'uwanmu da ke neman na kansu a Akara da Kumasi da Legas da Dubai da New York, waɗanda da wannan harshen suke neman aiki, da shi suke bayani a gaban likita ko jami'in shige da fice. Mutumin da ke irin wannan hali yana buƙatar ya san nauyin kowace kalma kafin ta fita daga bakinsa.

Overcome tsohuwar kalma ce a Ingilishi, tana nan tun fiye da shekara dubu. Haɗin kalmomi biyu ce: over, wato bisa ko sama, da come, wato zuwa. Hoton da ke cikinta shi ne na wanda aka yi kokawa da shi, ya zamo shi ne a sama. Ma'anarta ta farko ke nan: cin galaba a kan abokin karawa, a fagen yaƙi ko a filin ƙwallo. Ta biyu, wadda aka fi amfani da ita yau, ita ce fin ƙarfin wata matsala har ta daina tare maka hanya: tsoro, in'ina, jinya, talauci, rashin jin harshe. Ta uku kuwa tana juya wa mai koyo hankali. Idan aka ce mutum was overcome da hayaƙi ko da baƙin ciki, to shi ne aka fi ƙarfi: hayaƙin ya sumar da shi, baƙin cikin ya rufe shi har ya kasa magana. Kalma ɗaya ce, amma ginin jimla ne ke nuna wanda ke sama da wanda ke ƙasa. Mai koyo ya kuma lura cewa idan abin ya wuce ana cewa overcame, ba a liƙa mata ed a ƙarshe kamar sauran.

Mu da muka yi karatu da Faransanci muna da wata riba da ba mu cika lura da ita ba. Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, dubban kalmomin Faransanci sun shiga Ingilishi, kuma da yawa daga cikin ƙawayen overcome ta wannan ƙofar suka shigo. Surmount ita ce surmonter da muka sani, hawa bisa abu kamar mai haye tudu. A Ingilishi kalma ce ta takarda da jawabi, da wuya ka ji ta a tashar mota. Conquer ƴar'uwar conquérir ce, tana ɗauke da ƙanshin mamaya: ka ci gari ka zauna a cikinsa. Vanquish daga vaincre take, tana da nauyi irin na littafin tarihi, wanda ya yi amfani da ita a kan ciwon kai zai ba mutane dariya. Defeat ta fi dacewa da inda akwai abokin hamayya a fili, kamar zaɓe ko wasa. Prevail kuwa ta wanda aka daɗe ana ja-in-ja da shi ce, a ƙarshe maganarsa ta tsaya.

Akwai kuma na yau da kullum. Get over ita ake faɗa wa wanda ya warke daga mura ko ya manta da budurwar da ta ƙi shi, sau da yawa lokaci ne ya yi aikin. Beat ta baki ce, ana faɗinta a kan cuta ko a kan ƙungiyar ƙwallo. Master ta wanda ya naƙalci abu ce har ya zama gwani, kamar harshe ko sana'a.

Daga nan sai rukunin da ƙamus na waya kan cusa a jeri ɗaya da waɗancan, alhali ba gida ɗaya suka fito ba. Cope with tana nufin kana lallaɓawa da matsalar, tana nan kana nan. Endure ita ce jurewa, ka danne zuciya ka ɗauki nauyin. Survive tana cewa abin bai kashe ka ba, ba ta ƙara komai a kan haka. Get around da bypass, wato contourner, na wanda ya kewaye ne ya bar cikas ɗin a inda yake. Duk cikin waɗannan babu wadda ke cewa matsalar ta kau.

Hausa ba ta gaza Ingilishi a wannan fage ba ko kaɗan. Muna da tsallakewa, wadda ake yi wa rami ko siraɗi. Muna da hayewa, ta tudu da ta kogi. Muna da cin galaba da rinjaye, na fagen kokawa. Muna da warwarewa, ta ƙulli da ta rigima, da magancewa, wadda ke da magani a cikinta. Muna da shawo kai, kuma duk wanda ya taɓa kiwo ya san hoton: saniya ta ɓalle, ka zagaya ka tare gabanta ka maido ta garke. A ɗaya gefen muna da jurewa da daurewa da lallaɓawa da maneji da kewayewa. Kakanninmu sun bambanta su sarai, shi ya sa suka ce an gudu ba a tsira ba, suka ce tsugune ba ta ƙare ba. Mu ne muka zo muka zuba su a ƙwarya ɗaya.

Ku saurari yadda muke magana. Unguwa ta shekara biyar pampo ba ya kawo ruwa sai tsakar dare, kowane gida ya yi yarjejeniya da ɗan garuwa, sai ka ji ana cewa ai mun shawo kan matsalar ruwa. Mai shago ya ci bashi ya sayi injin wuta, yana zuba masa mai da ribar da ya kamata ta shiga aljihunsa, sai ya ce ya magance matsalar wuta. Uba ya cire ɗansa daga aji mai ɗalibai ɗari ya kai shi makarantar kuɗi, ya ce ya huta. Kowannensu ya yi dabara, kuma ba na raina dabarar. Amma pampon yana nan a bushe, ajin yana nan da sauran yaran da iyayensu ba su da hali. An kewaye ramin ne, na baya zai zo ya faɗa.

A takardun ƙungiyoyin agaji da jawaban manya akwai kalmar da ta yi kaka-gida, résilience, wadda ake fassarawa da juriya. Ana yaba mana da ita a kowane taro: al'ummar Nijar masu juriya ne. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai yabo ne mai daɗi ga mai yabon, domin ba ya ɗora masa wani nauyi. Idan ambaliya ta ci unguwa bana, mutane suka sake gina ɗakunansu da laka a wuri guda, ta dawo baɗi ta sake ci, za a ce sun nuna juriya. Ranar da aka haƙa magudanar ruwa, aka hana raba filaye a kan hanyar ruwa, aka ga damina ta wuce ba a kwashe kowa zuwa ajin makaranta ba, ranar ce za a iya cewa an shawo kan abin. Matashin da ya san bambancin nan zai san tambayar da zai yi wa magajin gari.

Kada wani ya ce ƙasar nan ba ta san ɗanɗanon overcome na gaskiya ba. Ta sani. Wanda ya haura shekara arba'in kuma ya tashi a karkara ya san kurkunu, tsutsar da ke fitowa ta ƙafa ta kwantar da manomi daidai lokacin da gona ke buƙatarsa. A 1986, lokacin da cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta shiga yaƙi da cutar, an ƙiyasta mutum miliyan uku da rabi ke kamuwa da ita duk shekara a Afirka da Asiya. Ba ta da allurar rigakafi, ba ta da ƙwayar da ke kashe ta. Abin da aka yi shi ne tace ruwan tafki da ƙyalle, haƙa rijiyoyin burtsatse, hana mai ciwon tsoma ƙafa a ruwan da ake sha, da sa ido gari-gari. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ta rabu da kurkunu. Yau yaron da ke kwaleji a Mirriya ko Tasawa sai dai a ba shi labari. Haka kuma a watan Janairu na 2025 hukumar ta bayyana Nijar a matsayin ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da cutar makanta da ƙudan bakin kogi ke yaɗawa. Ku kwatanta wannan da zazzaɓin cizon sauro, wanda duk damina yake cika asibitoci da yara. Shi har yanzu lallaɓawa muke yi da shi, kuma faɗin hakan ba cin fuska ba ne ga ma'aikatan lafiya, bayyana aikin da ya rage ne.

Ga kuma itatuwa. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, gonaki da yawa a jihar Maraɗi sun zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi. An yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A farkon shekarun 1980 wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka mai da hankali ga kututturan da ake sassabewa duk shekara, waɗanda saiwarsu ke raye a ƙasa. Maimakon a sare tohon duka, sai a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a bar su su girma. Dabarar ta bi gona-gona daga bakin manomi zuwa kunnen maƙwabcinsa, kuma ta ƙara ƙarfi da manoma suka ga itacen da suka raina nasu ne. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin eka miliyan biyar na awon hekta, da itatuwa wajen miliyan 200, a kudancin ƙasar. Wanda ya bi hanyar Matamaye da Magarya ya ga gawo a cikin gonaki ya ga shaidar. Hamada ba ta sallama ba, amma a waɗannan gonaki an tare gabanta an maido ta baya.

Abin lura a misalan nan shi ne babu wanda mutum ɗaya ya yi. Wannan ya kai ni ga waƙar da ta sa kalmar overcome ta zagaya duniya, wato We Shall Overcome, taken gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka. Masana tarihin waƙar suna danganta tushenta da waƙoƙin coci na baƙaƙen fata, har da wadda wani limamin coci a Filadelfiya, Charles Albert Tindley, ya wallafa a farkon ƙarni na 20. A wancan tsohon zubin, mai waƙar kansa yake nufi, yana cewa ni. A yajin aikin da ma'aikatan kamfanin taba suka fara a 1945 a birnin Charleston, yawancinsu mata baƙaƙen fata, aka riƙa rera ta da mu. Da wannan mu ɗin ta shiga tarukan neman ƴanci, Joan Baez ta rera ta a babban gangamin Washington na watan Agusta 1963. Ranar 7 ga Maris 1965 ƴan sanda suka yi wa masu zanga-zangar neman ƴancin zaɓe dukan kawo wuƙa a kan gadar Selma. Bayan kwana takwas shugaba Lyndon Johnson ya tsaya gaban majalisar dokoki ya furta kalmomin taken waƙar da bakinsa, kuma a ranar 6 ga Agusta na wannan shekarar ya sa hannu a dokar kare ƴancin zaɓe. Mutanen nan sun shekara ɗaruruwa suna jurewa, sun san jurewa fiye da kowa. Da suka tashi neman canji, wata kalmar suka ɗauka, kuma suka ɗauke ta da jam'i. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƴan'uwana na ƙetare, wannan maganar ta shafe ku ta wata fuska. Wanda ya bar gida ya tafi neman abinci bai yi laifi ba, ci-rani tsohuwar al'adarmu ce, kuma kuɗin da kuke turowa su ne ke riƙe da gidaje da yawa a lokacin da rumbu ya ƙare. Amma mu kira abin da sunansa. Tafiya kewaye ce. Takan fitar da mutum ɗaya da iyalinsa, abin da ya kore shi kuwa yana nan yana jiran ƙanensa. Wani lokaci ma kewayen ya fi ramin haɗari. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92, yawancinsu mata da yara, a hamada kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Da yawansu daga yankin Kantche suka fito. Allah ya jiƙansu. Idan hoton da kake turowa gida yana cewa ka ci galaba, alhali kai ka san ku takwas ne a ɗaki ɗaya kuna maneji, to kana kiran wani yaro ne ya biyo sawunka da labarin da ba cikakke ba. Faɗa masa kana jurewa. Ba abin kunya ba ne, kuma zai yanke shawararsa da ido buɗe. Waɗanda suka haɗa kai a can suka tara kuɗi suka gina rijiya ko ajin makaranta a garinsu, su ne suka fara taka hanyar shawo kai.

Na san abin da wani dattijo zai ce: yaro, kana raina haƙuri ne? Ai mahaƙurci mawadaci, kuma haƙuri maganin zaman duniya. Ban raina shi ba. Akwai abubuwan da ba su da wani magani sai shi: mutuwar uwa, ciwon da likita ya ce sai dai a lallaɓa, shekarar da sama ta hana ruwa. Ko yaƙi da kurkunu ya ci shekaru fiye da ashirin, mara haƙuri ba zai kai ƙarshensa ba. Haƙuri guzuri ne na tafiya mai nisa. Abin da nake ƙi shi ne a miƙa wa mutum guzuri a ce masa ya iso. Magudanar da ba a haƙa ba da allon da babu malami a gabansa ba ƙaddara ba ce irin ta fari, aikin mutane ne da ba a yi ba, kuma wanda ya ce a yi haƙuri da su har abada yana sauke wa wani nauyin da ke wuyansa.

Saboda haka ga shawarata ga mai koyon Ingilishi, da mai rubuta takardar neman aiki, da ɗan jarida irina da ke fassara jawabin hukuma. Kafin ka ɗauki kalma a jerin da waya ta ba ka, yi tambaya ɗaya: abin yana nan ko ya kau? In yana nan kana ɗauke da shi, endure ce ko cope with, ka ce jurewa. In ka bar shi a baya ka bi ta wata hanya, get around ce, ka ce kewayewa. In ya daina tare maka hanya saboda wani abu da ka yi, to ka ci overcome, ka ce shawo kai da bakinka cike. Idan kuma wani babba ya ce an shawo kan matsalar kaza, ka je unguwar ka buɗe pampon ka gani kafin ka buga labarin.

Ɗan ƙanwata ya sake kirana bayan kwana biyu. Ya ce ya ajiye labarin wutar. Ya tuna cewa ya faɗi jarrabawar BAC a karon farko saboda lissafi, har ya yi niyyar barin karatu ya kama kabu-kabu. Su biyar da suka faɗi suka riƙa haɗuwa kowace yamma a zauren wani maƙwabci, wanda ya fi gane wani babi ya koya wa saura, shekara ta zagayo huɗu daga cikinsu suka samu. Ya ce shi zai rubuta, kuma zai sa sunan zauren.

Na ce to, wannan kam overcame ce, kuma kada ka manta ka rubuta ta da mu.

Ya ce, "Kawu, na biyar ɗin fa?"

Na ce ya tambaye shi ko zai sake zama bana, in ya yarda su huɗun su koma zauren.